Kimanta Abin da Ya Saura na Kufai a Ƙarƙashin Birnin da Ya Zauna a Tsohuwar Fadama: Misalin Landan

1. Tambayar da a ke yi kafin a taɓa ƙasa

Ko wane tsohon birni, ƙasarsa hawa ta ke yi. Gida ya kan rushe, a baje ɓaraguzansa a ɗora wani a bisa; a kan zuba shara a kwari har ya cike; a kan ɗaga hanya don gudun ruwa. Da haka, sannu a hankali, dokin ƙofar da kakanni suka tsallaka sai ya koma ƙarƙashin tafin ƙafar jikoki. A tsohon birnin Landan, wanda Rumawa suka kafa wajen shekara ta 47 ta Miladiyya, akwai wuraren da daɓen mutanen farko ya ke kwance mita bakwai ƙasa da titin da motoci ke bi yau.

To, a ƙasar Ingila, in wani kamfani ya sayi fili a irin wannan wuri da nufin ya rushe tsohon bene ya kafa sabo, hukumar da ke ba da iznin gini ta kan nemi ya kawo mata rahoto tukuna, wanda zai bayyana kufan da a ke tsammani a ƙarƙashin filin, da irin ɓarnar da sabon ginin zai yi masa. Mai rubuta rahoton nan masanin kufai ne, watau mai ilmin tono kayan mutanen dā. Aikinsa kuwa da wuya, domin galibi sa'ad da a ke neman amsarsa tsohon benen yana nan tsaye, da mutane a ciki suna ta sha'aninsu, ba shi da halin ya sa diga ya duba. In ya rage ƙiyasi, ko dai inji ya niƙe abin da ba za a sake samun irinsa ba, ko kuwa a ci karo da shi ana tsakiyar aiki, gini ya tsaya ana ta hasarar dukiya. In kuma ya cika ƙiyasi, ya sa mutane sun kashe kuɗi a kan ƙasar da ba kome cikinta, gobe ba wanda zai saurari maganarsa.

Amsar tana rataye ne ga abu uku: abin da zamani ya ajiye a wurin, da ruwan da ya tsare shi, da ramukan da na baya suka haƙa suka cinye shi. A tudu, na farko da na uku sun isa. Amma a wurin da dā fadama ne, ruwa shi ne shugaban lissafi, domin shi ya sa kufan ya yi zurfi, shi ya hana shi ruɓewa, kuma ran da ya janye, ran nan ɓarna ta soma, ko da ba wanda ya taɓa wurin.

2. Rafin Walbrook da fadamar Moorfields

Rumawa sun kafa garinsu a kan tuddai biyu a arewacin Kogin Tems, waɗanda a yau a ke kira Cornhill da Ludgate Hill. Tsakanin tuddan nan akwai kwari, cikinsa kuwa wani rafi ke gudu daga arewa ya faɗa cikin Tems, shi ne aka sa wa suna Walbrook daga baya. Rafin ba babba ba ne, amma gefensa taɓo ne. Saboda haka tun farkon zama mutane suka riƙa kafa katako a bakinsa don tare gaɓa, suna zuba ƙasa da shara a bayan katakon don su sami busasshen wurin gini. In ruwa ya sake cin wurin, sai su ɗora wani katakon bisa na farko, su ƙara zubi. Da haka kwarin ya yi ta cikowa da takin barga, da tarkacen maƙera da majema, da tsofaffin takalma, duk a jiƙe sharkaf.

Wajen shekara ta 200 aka kewaye garin da ganuwar dutse, tsawonta kimanin mil biyu. Ganuwar ta ratsa rassan rafin ta wajen arewa, aka bar musu kafofin wucewa. Masana da yawa suna ganin toshewar kafofin nan, sa'ad da ba mai yashe su, ita ce ta sa ruwa ya kwanta a bayan ganuwa, har wurin ya zama babbar fadama, wadda aka sani da sunan Moorfields. Wani malami, William FitzStephen, wanda ya rubuta siffar Landan tsakanin 1170 da 1180, ya ba da labarin yadda samarin gari ke fita fadamar nan in ta daskare don sanyi, su ɗaura ƙashin ƙwaurin dabba a ƙarƙashin ƙafa suna sulɓi bisa ƙanƙara. An tono irin ƙasusuwan nan a wurin, ƙasansu ya goge sumul.

A 1415 magajin garin Landan, Thomas Falconer, ya sa aka huda ganuwa aka yi ƙofar Moorgate, don mutane su sami hanyar fita fadama. A 1527 aka janye mata ruwa ta lambatu, aka kuma yi ta jibga mata sharar gari don ƙasarta ta ɗaga. A 1569 aka yanki gefenta na gabas aka yi maƙabarta. A farkon ƙarni na 17 aka dasa itatuwa, ta zama wurin shan iska, kuma a nan ne waɗanda babbar gobarar 1666 ta raba da gidajensu suka kafa bukkoki. A 1676 aka buɗe asibitin masu taɓin hankali na Bethlem a bakinta. Daga nan sai gidaje, sai ofisoshi, sai tashoshin jirgin ƙasa: ta Moorgate a 1865, ta Liverpool Street a 1874. Shi kuwa rafin, John Stow ya faɗi a cikin littafinsa na 1598 cewa tuni an rufe shi, yana gudu ta ƙarƙashin gidaje. Wanda ya tsaya a wurin yau ba zai ga alamar ruwa ba, sai dai wata 'yar gangara a titin Cannon, inda titin ya ƙetare tsohon kwarin.

Ko wane zamani daga cikin waɗannan ya bar shimfiɗarsa. In aka yanka ƙasar wani fili a arewacin ganuwa, aka soma dubawa daga ƙasa zuwa sama, ga abin da a kan samu: yumɓun Landan mai kauri, sa'an nan tsakuwar da kogi ya ajiye tun kafin a yi gari, sa'an nan jar ƙasa irin ta tubali, sa'an nan hanyoyi da gwalalo da kaburburan Rumawa, sa'an nan baƙar lakar fadama, sa'an nan jujin da aka cike ta da shi, sa'an nan harsashin gine-ginen baya. Duk abin da ke bisa tsakuwa da jar ƙasa, shi ne rabon masanin kufai.

3. Dalilin da ya sa laka ke adana kaya

Abin da ke cinye itace da fata da tufa a cikin ƙasa ƙananan halittu ne, watau funfuna da bakteriya da tsutsotsi, galibinsu kuwa ba su rayuwa sai da iskar oksijin. A busasshiyar ƙasa, ko wadda ta kan jiƙe ta bushe, iska tana shiga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, saboda haka ba a daɗewa katako ya kan zama baƙin tabo kurum. Amma in ruwa ya cika kafofin nan bai janye ba, kuma kwantacce ne, sai 'yar iskar da ke ciki ta ƙare, ruɓa ta yi sanyi ƙwarai kamar ta tsaya. Tsatsa ma haka, don ita ma da iska ta ke aiki. Shi ya sa kayan tagullar da a ke tonowa daga lakar Walbrook su kan fito suna ƙyalli, sai ka ce jiya aka yar da su.

Amfanin wannan ga tarihi ba kaɗan ba ne. Itacen ƙasashen sanyi ya kan ƙara da'ira ɗaya a cikin gindinsa ko wace shekara, mai kauri in shekara ta yi kyau, siririya in ta yi tsanani. In aka gwada jerin da'irorin wani katako da jerin da aka riga aka sani, a kan gane shekarar da aka sare shi. Ta haka ne wata magudanar ruwa ta katako, wadda aka tono a gefen tsohuwar hanyar Rumawa a unguwar Poultry tsakanin 1994 da 1996, ta ba da shekara ta 47, har ta zama babbar hujjar da a ke kafawa a kan lokacin kafa garin. Ban da itace, laka ta kan riƙe ƙwayar tsirrai da ƙurar fure da fikafikan ƙwari, waɗanda ke nuna ko wurin kurmi ne a dā, ko makiyaya, ko ruwansa mai gudu ne ko kwantacce. Saboda haka lakar fadama ita kanta shaida ce, ko da ba wanda ya taɓa zama a kanta.

Amma fa akwai sharaɗi. Itacen da ya shekara dubu biyu a ruwa, yawancin ƙarfin jikinsa ya zube, ruwa ne kaɗai ke riƙe da siffarsa. In ya bushe sai ya tsuke, ya tsattsage, ya murɗe, ba kuwa ya komawa yadda ya ke ko an sake jiƙa shi. Har wa yau, lakar fadama ta kan ƙunshi sinadaran farar wuta, waɗanda in sun gamu da iska su kan haifi ruwan asid mai cin ƙashi da ƙarfe. Don haka masanin kufai ya kan raba ƙasar fili kashi uku: ta sama wadda ruwa ba ya kai wa, da ta tsakiya inda ruwa ke hawa yana sauka, da ta ƙasa wadda ba ta rabuwa da ruwa. A ta ƙasan nan ce kaɗai a ke sa ran samun itace da fata da kyau. Abin da ya ke nema ya sani, watau, shi ne iyakar inda ruwa ya kan sauka a lokacin da ya fi ƙaranci.

4. Aikin tebur da lissafinsa

Matakin farko na ƙiyasi ba a fili a ke yinsa ba, a bisa tebur ne. Masanin ya kan soma da rajistar kayan tarihi ta Landan, inda aka rubuta duk abin da aka taɓa tonowa kusa da filin. Sa'an nan ya jera tsofaffin taswirori bi da bi: taswirar da aka zana a faifan tagulla wajen 1559, wadda ta nuna Moorfields da mata suna shanya wanki da maharba suna gwajin baka, ta Ogilby da Morgan ta 1676, ta Rocque ta 1746, ta Horwood ta 1799, da na ma'aikatar safiyo na ƙarni na 19. Akwai kuma taswirorin da aka yi wa kamfanonin inshorar gobara, masu nuna hawa nawa ne ko wane gini, da taswirorin ɓarnar bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan wannan ya nemi zanen tsohon benen da ke filin, don ya ga zurfin ɗakunansa na ƙarƙashin ƙasa da irin harsashinsa. Daga ƙarshe ya tattara bayanan ramukan burtsatse da injiniyoyi suka haƙa a unguwar don gwada ƙarfin ƙasa, domin ko wanne ya rubuta zurfin da aka tarad da tsakuwa, da zurfin da aka tarad da ruwa.

Duk awon nan tilas a mai da shi ga ma'auni ɗaya, in ba haka ba lissafi ya rikice, tun da titi ba daidai ya ke ba. A Ingila ma'aunin shi ne matsakaicin tsayin ruwan teku kamar yadda aka auna shi a Newlyn, a lardin Cornwall, daga 1915 zuwa 1921. Ko wane tsayi sai a ce mita kaza ne bisa wannan.

Ga misali, mai karatu ya ɗauka na ƙaddarawa ne. A ce titin da ke gaban filin yana mita 13 bisa ma'auni, kan tsakuwa kuma yana mita 8. Ashe kaurin abin da mutane suka tara mita 5 ne. In tsohon benen yana da ɗaki ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, wanda zurfinsa har da kaurin kankaren daɓensa mita 3.5 ne, to, ya ci ƙasa har zuwa mita 9.5, saura mita 1.5 ke nan: jujin sama ya tafi, amma shimfiɗar Rumawa da gindin lakar fadama suna nan. In kuwa ɗakunan hawa biyu ne, zurfinsu mita 6.5, to, an yanka har cikin tsakuwa, ba abin da zai saura sai gindin rijiyoyi da ramuka masu zurfi.

A tudu, nan lissafi ya ƙare. A tsohuwar fadama kuwa da saura, domin kan tsakuwa ba shimfiɗe ya ke kamar faifai ba. Rassan rafi sun yayyanka shi. A ce wani reshe ya ratsa kusurwar filin nan, gindinsa yana mita 5 bisa ma'auni. Ko a ƙarƙashin ɗakuna hawa biyu, akwai mita 1.5 na laka da ta tsira a cikin kwarin, ita ce kuwa mafi jiƙewa, mafi ɗauke da kaya. Burtsatse ɗaya da aka haƙa taku ashirin daga nan ba zai nuna ta ba. Saboda haka a kan haɗa bayanan ramuka masu yawa a kwamfuta, a zana siffar ƙasar kamar yadda ta ke kafin a cike ta, da tuddanta da kwaruruwanta, sa'an nan a ɗora zanen gine-gine a bisa, a ga inda suka yanka da inda suka bari.

5. Abubuwan da ke cin kufai

Na farko shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda muka riga muka lissafa. Shi ɓarnarsa a fili ta ke, yana kwashe kome har iyakar zurfinsa.

Na biyu turakun harsashi. Da ya ke laka ba ta ɗaukar nauyi, duk bene mai tsawo a tsohuwar fadama sai an kafa masa dogayen turakun kankare ko na ƙarfe, su ratsa lakar su kama yumɓun ƙasa. Turken da a ke bugawa da inji ya kan ja shimfiɗun da ke gefensa ya lanƙwasa su ƙasa. Wanda a ke huda rami a zuba kuwa ya kan kwashe faɗinsa. A bisa ko wane gungun turaku akwai kuma dunƙulen kankare da aka haƙa wa rami. Sau da yawa share hanya da a ke yi kafin kafa turke, inda inji ke tone duk wani tsohon bango da zai tare shi, ya fi turken kansa ɓarna. Filin da aka gina sau uku yana ɗauke da turakun zamani uku. Don haka ne birnin York na arewacin Ingila, wanda shi ma ƙasarsa jiƙaƙƙiya ce, ya ɗauki ƙa'ida bayan wani bincike na 1991, cewa kada harsashin sabon gini ya ɓata fiye da kashi 5 cikin 100 na kufan da ke filin.

Na uku ramukan mutanen dā su kansu: kududdufan da aka haƙa don ɗibar tsakuwa da ƙasar tubali, da rijiyoyi, da salga, da kaburbura. Waɗannan sun cinye abin da ya riga su, amma su ma sun zama kufai, kuma da ya ke suna da zurfi, a cikinsu ne a kan sami kaya masu kyau.

Na huɗu hanyoyin jirgi da manyan magudanan ƙazanta. Layin jirgin da aka kai Moorgate a 1865 daga sama aka haƙa shi aka rufe, saboda haka ya share duk abin da ke kan hanyarsa. Layukan baya kuwa, masu bi ta cikin yumɓu can ƙasa, su kan wuce ƙarƙashin kufai ba su taɓa shi ba, sai a wurin tasha da ramin sauka. A irin wannan wuri ne, sa'ad da a ke aikin layin Crossrail a Liverpool Street a 2015, aka kwashe ƙasusuwan mutum fiye da 3,000 daga maƙabartar nan ta 1569, a ƙarƙashinsu kuma aka tarad da lakar fadama, a ƙarƙashinta hanyar Rumawa.

Na biyar bushewa, ita ce kuwa mafi wuyar ganewa, don ba ta cikin zanen kowa. Famfon da ke tsotse ruwa daga ramin ginin maƙwabci, ko tsohuwar magudana da ta fashe tana janye ruwan ƙasa, ko katangar ƙarƙashin ƙasa da ta tare wa ruwa hanya, duk suna iya saukar da ruwan fili. Sai lissafin tebur ya nuna mita biyu na laka, a tona a tarar lakar tana nan amma itacen cikinta ya zama gari.

6. Gani ya kori ji

Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san kima. Aikin tebur kima ne. In ya nuna akwai abin dubawa, sai a shiga mataki na biyu: a fasa daɓen ɗakin ƙarƙashin ƙasa a 'yan wurare a haƙa ramukan gwaji, a kuma huda burtsatse na musamman a ciro ƙasar a dunƙule, yadda za a karanta shimfiɗunta a kai samfuri ɗakin gwaji. A kan bar bututu a waɗansu ramukan, a riƙa auna hawa da saukar ruwa wata da watanni.

Ba filin da ya nuna darajar wannan taka-tsantsan kamar wanda ke gefen titin Walbrook, a tsakiyar tsohon kwarin. Bama-bamai sun rushe shi a lokacin yaƙi. Daga 1952 Farfesa W. F. Grimes ya haƙa ramuka a wurin, nufinsa ya gano ainihin hanyar rafin, sai ya faɗa a kan wani ɗakin bauta na Rumawa wanda aka gina wajen shekara ta 240. Ran 18 ga Satumba, 1954, ranar da aka shirya rufe aikin, aka tono kan gunkin Mithras, aka san ko ɗakin wane ne. Dubban mutane suka yi layi don kallo, maganar ta kai har majalisar ministocin Churchill. Duk da haka ba a fasa gini ba. Aka kwashe duwatsun ɗakin, aka harhaɗa su a wani gefe a 1962, a filin kuwa aka kafa babban benen Bucklersbury House, da ɗakunansa na ƙarƙashin ƙasa da manyan harsashinsa.

Wanda ya dubi girman benen nan zai ce ba abin da ya saura, kuma a yawancin filin gaskiyarsa. Amma sa'ad da aka rushe shi don gina ofishin kamfanin Bloomberg, masana kufai na MOLA, ƙungiyar da ta samo asali daga Gidan Tarihin Landan, suka yi aiki a wurin daga 2010 zuwa 2014, suka tarar cewa inda kwarin ya fi zurfi harsashin bai kai gindi ba. A nan aka sami katakon gine-gine da shinge da magudanai jere bisa jere, da takalman fata, da kaya iri-iri fiye da 14,000. A ciki har da allunan rubutu 405, na katako, waɗanda dā a kan shafa musu kakin zuma a yi rubutu da tsinken ƙarfe. Kakin ya tafi, amma bakin tsinken ya bar zane a jikin katakon, har Dokta Roger Tomlin ya iya karanta 87 daga cikinsu, aka buga a 2016. Kafin wannan, allunan Landan da aka iya karantawa 19 ne kacal. Ɗaya yana ɗauke da kwanan wata, 8 ga Janairu, shekara ta 57: wani 'yantaccen bawa, Tibullus, ya amsa cewa wani ɗan'uwansa 'yantacce, Gratus, yana binsa kuɗin azurfa 105 na kayan da ya saya. Wani allon kuma, na tsakanin shekara ta 65 da ta 80, shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci sunan Landan. Ɗakin bautar ma an mai da shi kusa da mazauninsa na asali, mita bakwai ƙasa da titi, aka buɗe wa jama'a a 2017.

Yawancin allunan daga ɓangare ɗaya na filin suka fito. Da a ce an auna filin da zurfin tsakiyar benen kaɗai, da inji ya kwashe su cikin tarkace ba wanda ya sani.

7. A tona ko a bari?

Ƙiyasi ba don kansa a ke yinsa ba, don a yanke shawara ne: ko a tone kufan a rubuta bayaninsa kafin gini, ko a gyara zanen ginin a bar shi a kwance. Dokar da ta ɗora wa mai gini wannan nauyi, asalinta wani rikici ne a wata tsohuwar fadamar, a kudancin Tems, a unguwar Southwark. A can ne Philip Henslowe ya gina gidan wasan kwaikwayo na Rose a 1587, inda aka nuna wasannin Marlowe da waɗansu na farkon Shakespeare. A farkon 1989, bayan an rushe wani benen ofis, aka tarad da harsashinsa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali an riga an ba da iznin sabon gini. Cikin watan Mayu mashahuran 'yan wasa da jama'a suka kwana a bakin filin suna tare motoci, har aka jinkirta aiki aka sake zanen harsashin, ginin ya tsaya a kan turakun da aka kauda daga jikin kufan.

Amma kauda turaku bai isa ba, domin tun da aka buɗe wurin ƙasar ta soma bushewa tana tsagewa. Sai aka lulluɓe kufan da mayafi na musamman, aka zuba yashi, aka shimfiɗa bututu masu huji da ke ɗigo da ruwa, aka rufe da siririn kankare, aka kuma sa na'urorin auna laima da a ke dubawa a kai a kai. A watan Nuwamba na 1990 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da aka sani da PPG16, wadda ta ce a kimanta kufai tun kafin ba da izni, a fifita barinsa a wurinsa in mai muhimmanci ne, in kuwa tono ya zama tilas mai gini ya ɗauki nauyi. An maye gurbinta a 2010, aka sake a 2012, amma sharaɗin aikin tebur da ramukan gwaji bai fita ba.

Darasin Rose shi ne, cewa an bar kufai a wurinsa ba ta zama gaskiya sai in an bar masa ruwansa. Masanin da ya ba da shawarar a bari, wajibi ne ya nuna cewa sabon ginin ba zai saukar da ruwan ƙasa ba, ya kuma faɗi wanda zai riƙa aunawa, da abin da za a yi in awon ya nuna ruwa na janyewa. In ba a iya ɗaukar wannan alkawari, tono ya fi, ko da ya ke tono ma rushewa ne, sau ɗaya a ke yinsa.

8. Kammalawa

Hanyar nan ba ta Landan kaɗai ba ce. Birnin Kano ma ya girma ne a gefen ruwan Jakara, inda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma Barth, da ya zo a 1851, ya sa ruwan nan a cikin taswirar garin da ya zana. Tambayoyin nan uku za su yi aiki a can, sai dai amsar ta biyu za ta bambanta: fadamar da ke ƙafewa da rani, ga zafi ga gara, ba ta riƙe itace da fata, sai a ƙasa da inda ruwa ke tsayawa a ƙarshen bazara. Kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, da tsofaffin rijiyoyi da ramukan marina, su ne wuraren da mai lissafi zai fara sa wa alama.

Ko a ina ne, tsarin ɗaya ne. A san kaurin abin da aka tara, a ɗebe abin da aka haƙe, a nemi tsohon kwarin da taswirar yau ta ɓoye, sa'an nan a auna ruwa a lokacin ƙarancinsa. Rahoton da ya bar ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, bai kuwa kamata a ba da iznin gini a kansa ba.